Ɗalibin Masar da Bizar Karatu a Jamus

Ɗaliban Masar da dama na karkata zuwa Jamus saboda yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin makaranta. Sai dai samun gurbin karatu farkon tafiya ne kawai.

Babban tarnaƙi shi ne kuɗin zama. Tun daga watan Satumba na 2024, hukumomin Jamus suna buƙatar ɗalibi ya ajiye Yuro 11,904 a wani asusu na musamman da aka kulle, ba ya iya cirar fiye da Yuro 992 a wata. Ga iyalin da albashinsu fam ɗin Masar ne, wanda darajarsa ta faɗi warwas a Maris na 2024, wannan nauyi ne mai karya ƙashin baya.

Sannan ga takardun shaidar karatu: sai an fassara su, Ma'aikatar Harkokin Wajen Masar ta buga musu hatimi. A haɗa da inshorar lafiya da Yuro 75 kuɗin biza.

Ɗalibi namiji kuwa, idan bai yi hidimar soja ta dole ba, sai ya karɓi izinin tafiya daga hukumar soja, in ba haka ba a filin jirgin Alƙahira za a dakatar da shi, ga biza a fasfo. Saboda haka a fara neman izinin da wuri.