Ko Ka San Dalilin Barin Akwatin Kifin Ado Wata Guda Ba Kifi?

Wanda ya sayi akwatin gilashi na kifin ado, ya shimfiɗa yashi, ya dasa tsirrai, ya cika shi da ruwa, babu abin da zuciyarsa ke raya masa sai ya koma kasuwa a ranar ya kwaso kifaye masu launi. Waɗanda suka daɗe a harkar kuwa cewa suke ya dakata. Ya kunna matatar ruwa da fitila, ya bar akwatin haka nan mako 4 zuwa 6 ba kifi ko ɗaya. Baƙon da ya shigo falo zai zaci kuɗi ne suka yanke wa mai gida, alhali kiwo ya riga ya soma, kiwon wata halitta da ido ba ya gani.

Kifi yana fitar da sinadarin amoniya dare da rana, ragowar abincin da ya ruɓe ma yana ƙara ta. A kogi ruwa mai gudu ne ke kwashe ta. A akwati mai cin lita 100 ba ta da wurin zuwa, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙone wa kifi mashaƙarsa. Masu ceton kifin su ne ƙwayoyin bakteriya da ke maƙalewa a soson matata da jikin tsakuwa. Rukuni na farko yana mai da amoniya ta zama naitirayit, wanda shi ma dafi ne, don yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Rukuni na biyu sai ya mai da shi naitiret, mai sauƙin illa, wanda tsirrai ke zuƙa a matsayin taki. Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba su san gaggawa ba. Akwai bakteriyar da ke ninkuwa cikin minti 20, amma su sai su kusa cinye yini kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa mai akwati ke barbaɗa ɗan abincin kifi a ruwan da ba kowa, ya bar shi ya ruɓe, yana ɗiban ruwan a 'yar kwalba yana ɗiga maganin gwaji yana duba launi. Ranar da amoniya da naitirayit suka sauka zuwa sifiri, gida ya shiryu.

Nan ne kuma masu tsananin tsafta ke yi wa kansu ɓarna. Mutum ya ga soson matata ya yi baƙi, ya kai shi famfo ya wanke tas, kulorin ɗin ruwan famfo ya kashe aikin wata guda. A cikin tsohon ruwan da aka kwaso daga akwatin ake matse soson, a mayar da shi da sauran dattinsa.

Haɗa kifi da tsirrai a gilashi ya haura shekara 170. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da labarin yadda ya ajiye jajayen kifaye biyu a babban tulun gilashi tare da wata ciyawar ruwa mai dogon ganye. Tsirrai suna ba kifi iska, kifi yana ba su taki. Da tsofaffin ganyaye suka ruɓe, ruwa ya soma gurɓacewa, sai ya jefa dodon koɗi, suka share wurin. Shekara uku bayan haka gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi na farko ga jama'a.

Wanda ya mai da abin gwaninta shi ne Takashi Amano, ɗan Japan, mai ɗaukar hoto kuma tsohon ɗan tseren keke. A wurinsa duwatsu da itace da ganye ne kan gaba, kifi ya biyo baya. Shi ya yaɗa dabarar ɗura wa ruwa iskar kabon don tsirrai su yi ƙarfi, da amfani da wani ɗan jatan lande mai cin gansakuka da har yau ake kira da sunansa. A 2015, shekarar da ya mutu, aka buɗe babban aikinsa a Lisbon ta ƙasar Fotugal: akwati mai tsawon mita 40 da ke ɗauke da lita 160,000.

Mai farawa ba ya bukatar ko ɗaya daga wannan tsada. Tsiron da ya fi juriya a duk harkar, Anubias, ɗan gida ne: a bakin rafukan kurmin kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru yake fitowa, a inuwa, manne da dutse. Wanda aka fi sayarwa yana ɗauke da sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi ayarin wani mai bincike, Baikie, a kogin Kwara, ya mutu a garin Rabba a 1859. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a binne kututturensa mai kwanciya a yashi, ruɓewa yake yi. Da zare ake ɗaure shi a jikin itace har saiwarsa ta kama. Haske na awa 6 zuwa 8 ya wadatar. Aka zarce, ko aka ajiye akwatin inda rana ke dukansa, gansakuka ce za ta ci riba. Idan tsirrai sun ji daɗi, da la'asar ana ganin ƙananan kumfa jere a bakin ganye, suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya suna hawa sama. Yawancinta oksijin ce.

Zaɓen kifi kuwa tamkar zuba 'yan haya ne a gidan bene: kowa da hawansa, kuma a san halin mutum kafin a ba shi ɗaki. Tsakiyar ruwa ta dace da neon tetra, ɗan kifin kogin Amazon da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai zanen shuɗi da ja. Ba ya zama shi kaɗai. Ƙasa da shida sai ya tsorata, launinsa ya dushe. Ƙasa ta corydoras ce, mai gashin baki, mai tonon yashi, wanda kan taso a guje ya haɗiyi iska ya koma, don hanjinsa na iya zuƙar oksijin. Yashi mai laushi yake so, tsakuwa mai kaifi tana cinye masa gashin bakin. Can sama ana sa guppy, wadda ba ta yin ƙwai, haihuwar 'ya'ya take, kuma ba ta gajiya. Kudancin Nijeriya ma ya ba duniya kribensis mai jan ciki, wanda mace da namiji ke gadin 'ya'yansu tare, sai dai lokacin renon ba ya raga wa maƙwabci.

Ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce duk kifin da ya shiga bakin wani, abincinsa ne. Angelfish kyakkyawa ne, amma idan ya girma neon tetra sai su riƙa raguwa kowace safiya. Jan kifin nan na goldfish ruwan sanyi yake so, ga yawan kashi, ga tuge tsirrai. Tarwaɗa da karfasa kuma a bar su a kududdufin kiwo.

Ba a zuba kifayen a rana ɗaya. Rukuni guda ake sawa, a jira mako biyu bakteriya su ƙaru daidai da sabon nauyin, sannan a kawo na gaba. Kowane mako a kwashe kusan rubu'in ruwan a zuba sabo marar kulorin. Yawancin kifayen nan sun fi son ɗumin digiri 24 zuwa 26, don haka a Kano ko Sakkwato ko Yamai zafin bazara ne abin tsoro, saboda ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai. Idan aka ɗauke wuta matata ta tsaya na awoyi masu yawa, bakteriyar cikinta sukan soma mutuwa tun kifi bai nuna alama ba. Ƙaramin famfon iska mai batir, irin wanda masu jigilar kifi ke amfani da shi, yana iya riƙe akwatin har wuta ta dawo.