Makarantar Firamare: Ta Ƙaramar Hukuma Ce Ko Ta Hukumar Ilmi?

Idan iskar farkon damina ta yaye kwanon rufin aji a Harbo ko Aujara ko Gunka, wa ya kamata ya mayar da shi? Tambayar tana da sauƙi a baki, amma a wurare da yawa na ƙasar nan hedimasta yakan sha wuya kafin ya sami amsarta. Sai ya rubuta takarda zuwa ofishin ilmi, a ce masa babu kuɗin gini a nan, ya tafi sakatariya. Can kuma a ce masa ai makarantu ba a hannunsu suke ba. Kafin takarda ta gama zagaye damina ta yi nisa, bango ya jiƙe, yara sun koma gindin bishiya. Ba lalle ne mugunta ta jawo haka ba. Abin da ya jawo shi ne makarantar firamare iyaye biyu gare ta, kuma ba kullum suke zama wuri ɗaya ba.

Yadda Abin Ya Samo Asali

A shekarar 1976 aka yi manyan abubuwa biyu. Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi gyaran fuska, suka maye gurbin En'e. A watan Satumba kuma aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta, wanda aka fi sani da UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka zata, aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa.

Tun daga nan ake ta miƙa makarantun daga wannan hannu zuwa wancan. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa. A 1991, shekarar da aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, aka rushe hukumar, aka ɗora wa ƙananan hukumomi dukan nauyin. Malamai a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi, har aka maido da hukumar a 1993. Sa'an nan dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta kawo hawa uku: UBEC a Abuja, SUBEB a kowace jiha, da Hukumar Ilmi a kowace ƙaramar hukuma.

Wa Ke Riƙe Da Me?

Ga yadda rabon yake a taƙaice. Hukumar Ilmi ta Jahun, wadda Sakataren Ilmi ke gudanarwa, ita ke kula da malamai, da rajistar yara, da duba makarantu, tana kuma karɓar umurni daga SUBEB a Dutse. Majalisar Ƙaramar Hukuma kuwa, watau Shugaba da kansiloli, ita ke da kasafin kuɗi da sashen ayyuka. Tsarin mulki na 1999 ya sa samar da ilmin firamare da kula da shi cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta sa hannu. Shekaru da yawa daga kason ƙananan hukumomi ake cire albashin malaman firamare.

Manyan gine-gine kuwa yawanci daga kuɗin UBEC suke fitowa. Doka ta ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba za ta karɓi kuɗin gini ba sai ta ajiye nata daidai da shi. To, sabon gini yana da mai shi, albashi yana da mai shi. Amma ƙaramin gyara, irin su kwano ɗaya, taga, famfon burtsatse da ramin masai, shi ne maraya. Shi ne kuwa yake kashe makaranta sannu a hankali.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ya iso, wannan hukunci ya ƙara wa majalisa nauyi, domin wanda kuɗi ke hannunsa shi za a tambaya.

Filin Makaranta

Makarantun ƙauye da yawa a kan filin da dagaci ko wani dattijo ya bayar da baki aka gina su, ba takarda, ba shaidar iyaka. Yau masu bayarwa sun riga mu gidan gaskiya, jikoki sun yi yawa, gona ta yi tsada. Kowace damina maƙwabci ya ƙara kunya ɗaya ko biyu, har filin wasa ya zama gonar gero. Sakataren Ilmi ba shi da ikon ba da takardar fili. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a kan filayen da ba na birni ba. Ashe ke nan maganin yana cikin sakatariya, sai dai a nema.

Ambaliya

Mu mutanen bakin kogin Haɗejiya muna da wata matsala ta daban. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canja tafiyar kogin, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A 2020 da 2022 ruwa ya ci gidaje da gonaki daga Ringim har Auyo da Haɗejiya, jama'a da yawa a jihar nan suka fake a makarantu. Daidai ne, domin sau da yawa makaranta ce ginin siminti mafi girma a ƙauye. Amma idan ruwa ya janye, bencina sun karye, masai ya cika, wa zai gyara? Ga shi ambaliya a Agusta da Satumba take zuwa, daidai lokacin komawa makaranta. Ƙaramar hukuma tana da hannu a tsugunar da mutane, saboda haka kamata ya yi gyaran da ya biyo baya ya shiga kasafinta tun da wuri.

Abin Da Za A Iya Yi

Na ɗaya, a watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, jami'in ayyuka na Ƙaramar Hukuma da mai duba makarantu su zaga tare, su rubuta rahoto ɗaya. Shekarar kuɗi a Janairu take farawa, abin da bai shiga takarda kafin Disamba ba sai baɗi.

Na biyu, a gayyaci Sakataren Ilmi zaman tsara kasafi, a kuma ware layi na musamman domin ƙaramin gyara, kowane kansila ya san abin da ya faɗo mazaɓarsa.

Na uku, a buɗe littafin kayan kowace makaranta: azuzuwa nawa, bencina nawa, famfo, bishiyoyi, faɗin fili. Kofi ɗaya wurin hedimasta, ɗaya a ofishin ilmi, ɗaya a sakatariya.

Na huɗu, a auna filin a gaban dagaci da maƙwabta, a ba da takarda, a dasa darbejiya a kan iyaka. Bishiya ta fi katanga araha, ga inuwa, ga kare iska. Malaman gona za su taimaka da irin dashe.

Na biyar, a yi gyara da rani, kafin iskar Mayu.

Ku kuma iyaye, kowace makaranta ana son ta kasance da kwamitin gudanarwa na mutanen gari, maza da mata. Ku shiga, ku tambayi kansilanku nawa aka ware wa makarantarku bana, ku nemi a nuna muku a rubuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugaba da Sakatare wa'adi gare su, za su wuce, amma yaron da ya rasa aji yau a garinmu zai girma.