Sanƙarau: Yadda Masana Suka Gano Asalin Annobar da Ta Faro daga Jihar Sakkwato

Duk wanda ya girma a Tambuwal ko Kebbe ya san lokacin sanƙarau: daga ƙurar hunturu zuwa tsakiyar bazara, kafin ruwan farko ya sauka. Busasshiyar iska tana tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ga kwana cikin cunkoso, sai ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jini, daga nan ta kai ga rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Yankin nan yana cikin zirin da ya miƙa daga Senegal zuwa Habasha, wanda ya fi ko'ina a duniya fama da wannan ciwo.

Ƙwayar cutar tana sanye da wata riga ta sinadarin sukari, wadda take ɓoye ta daga garkuwar jiki. Da irin rigar ake rarrabe jinsunanta: A, B, C, W, X da Y. Jinsin A ne ya daɗe yana yi mana ɓarna, shi ne ya haddasa mummunar annobar 1996. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara a Burkina Faso a 2010 kuma ta iso Nijeriya a 2011, ta kusan kawar da shi. Dabarar masu haɗa ta ita ce ɗaure sukarin rigar da wani furotin, domin jikin ƙaramin yaro ba ya riƙe tunawa da sukari zalla, amma idan an haɗa su, garkuwarsa takan daɗe.

Ana cikin murna, sai a 2013 wani sabon nau'in jinsin C ya ɓulla a Jihar Sakkwato, shekara ta zagayo ya bayyana a Kebbi. A 2015 ya addabi Yamai, a 2017 kuma ya kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 1,100, Zamfara da Sakkwato da Katsina suka fi jin jiki.

Daga ina ya fito? Amsar ta zo ne a 2018, bayan masana sun karanta dukkan ƙwayoyin gadon cutar. Ashe ba baƙuwa ba ce. Kakarta wata ƙwaya ce marar riga, da ke zaune lafiya a maƙogwaron mutane ba ta cutar da kowa. Sai ta tsinci ƙwayoyin gadon saƙa rigar C daga wata 'yar uwarta, tare da wasu da ke ƙara mata dafi, da haka ta zama makashiya. Irin wannan musayar gado tsakanin ƙwayoyin cuta abu ne da ke faruwa kullum, ba tare da mun sani ba. A ganina wannan shi ne binciken da ya fi muhimmanci ga yankinmu, domin ya nuna cewa allurar jinsi ɗaya ba za ta taɓa isa ba.

Shi ya sa ƙungiyar PATH da kamfanin Serum na Indiya suka shafe shekara 13 suna haɗa Men5CV, allura guda mai maganin A, C, W, X da Y. An gwada ta a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, aka buga sakamakon a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Yulin shekarar. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara yi wa jama'a ita.

Sai dai samuwar allura daban, isarta kowane ƙauye daban. A 2025 ma ciwon ya sake kashe mutane a Gwandu da Jega da Aliero, waɗanda ba su da nisa da Tambuwal. Sanƙarau yana iya kisa cikin sa'a 24, kuma cikin waɗanda suka tsira, kusan ɗaya cikin biyar yakan tashi da kurumta ko wata nakasa. Saboda haka idan yaro ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuyansa ya sandare, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a tsaya jiƙo ko jiran gari ya waye. A garzaya da shi asibiti, akwai allurar ceftriaxone da ke kashe ƙwayar idan an fara da wuri.