Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Rufin Aji: Kasuwar Gyaran Makarantu

Duk wanda ya yi zaman Kano ya san iskar da take zuwa gaba da ruwan farko. Wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, da la'asar sakaliya, sai gabas ta haɗe, ƙura ta turnuƙe gari, a riƙa jin kwano yana kuka a kan gidaje. Kafin gari ya waye, akwai makarantun da rufinsu yake kwance a gonar wani, ko ya rataye a kan wayar lantarki. Washegarin irin wannan dare nake so mai karatu ya biyo ni Ƙofar Ruwa, don a ranar ake ganin fuskar kasuwar gyaran gine-ginen makarantu da jami'o'i. Kasuwa ce da ba ta da sarki, ba ta da rumfa guda, ta warwatsu a sassan gari, amma dubban gidaje da ita suke ɗora tukunya.

Ƙofar Ruwa, a Ƙaramar Hukumar Dala, ita ce matattarar ƙarfe. Rodi ne jibge a ƙasa, an lanƙwasa shi biyu don ya shiga mota, ga bandir-bandir na kwano a jingine, ga ƙusa a buhu ana auna ta da sikeli, ga ƙofofi da tagogi na ƙarfe, sababbi da na hannu. Ƙarar guduma da tartsatsin walda ba sa barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, 'yan kura kuma suna ta kiran a ba su hanya. Amma aji guda ba ya gyaruwa da kayan Ƙofar Ruwa kaɗai. Katako sai an je Na'ibawa a kan titin Zariya, inda tireloli suke sauke shi daga dazuzzukan kudu. Kayan lantarki da na famfo da fenti suna Sabon Gari. Siminti yana tasowa daga Obajana ko Sakkwato ko Ashaka, buhu mai kilo 50, yashi kuwa masu tifa ne suke ɗebo shi daga bakin kogi. Mai akori-kura shi ne zaren da yake ɗinke waɗannan wurare, shi ya sa ya fi kowa sanin makarantar da ake wa aiki da wadda aka yi watsi da ita.

Masu saye iri biyu ne, kuma ɗan kasuwa yana gane su tun daga nesa. Na farko hedimasta ne, ko wani dattijo daga kwamitin kula da makaranta. Ya zo a kan babur, kuɗinsa a ƙulle cikin leda, an tara su ne daga iyayen yara da tsofaffin ɗalibai da wani attajirin unguwa. Ba ya iya sayen bandir, wanda yake falle 20, sai ya tsaya yana taya falle shida, yana roƙon a ƙara masa ƙusa. Na biyu ɗan kwangila ne, da takarda a hannu da waya a kunne. Shi ba ya tambayar falle, lissafinsa na ajujuwa ne. Da wuya ya biya duka nan take, sai ya ba da wani abu, sauran a rubuta a littafi.

Akwai wata tambaya da ake yi wa mai saye a rumfunan nan, wadda na ɗauke ta a matsayin mabuɗin wannan kasuwa baki ɗaya: "Alhaji, na gida kake so ko na kwangila?" Mai tambayar ba zagi yake nufi ba, gaskiyar kayansa yake faɗa, domin kusan kowane abu yana da wa da ƙane. Na taɓa tsayawa na ga an ciro falle biyu na kwano, launinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Mai rumfar ya kama gefen na farko da yatsu biyu ya danna, ko gezau. Ya danna na biyu, sai ya lotsa kamar gwangwanin madara. Doguwar alminiyan da ake rufa sababbin ajujuwa da ita ma haka take, akwai mai kaurin 0.55, akwai 0.45, akwai wadda ba ta kai nan ba. Takardar aiki tana iya cewa 0.55, amma wa zai hau tsani da ma'auni bayan an buga? Katako kuma akwai busasshe, akwai ɗanye da zai karkace cikin wata uku, ƙusa ta saki. Akwai wanda aka jiƙa da maganin gara, akwai wanda aka shafa wa baƙin mai sama-sama don ya yi kama. Bulo kuwa, ka ɗaga shi daidai ƙirji ka saki. Na kirki zai faɗi ya tsaya, wanda aka cika wa yashi zai zama gari a gabanka.

Ba na jin daɗin yadda ake ɗora wa ɗan kasuwa da birkila dukan laifin, domin abin da aka nema shi suke kawowa. A bi kuɗin daga tushe. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, kuma kafin jiha ta karɓi kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Jihohi da dama sun sha barin nasu kason yana kwance shekara da shekaru saboda ba su ajiye ba. Idan kuɗin ya fito, hukumar SUBEB ta jiha take raba ayyukan. A tsakanin ofis da bakin aji ne takardar take canza hannu. Wanda aka ba aikin sau da yawa bai taɓa riƙe cebur ba, sai ya sayar wa wani ya cire nasa, na biyun ma ya sayar. Kafin ta iso hannun wanda zai tsaya a rana da leburori, kuɗin ya rame. Shi kuma dole ya fitar da riba, to daga ina? Daga kaurin kwano, daga yawan siminti, daga hannu biyu na fenti da aka mayar hannu ɗaya.

Sai kuma jiran biya. Kuɗin kafin alƙalami ba ya isa, don haka ɗan kwangila bashi yake ɗauka a Ƙofar Ruwa da Na'ibawa, ya gama aiki, ya shiga zaryar ofis. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, wannan jira ya zama masifa. Buhun simintin da yake ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a watan Fabrairun 2024. Wanda ya sa hannu a kan tsohon farashi ya rasa inda zai sa kansa, wasu suka bar aiki a lintel suka ɓace, bashin kuma ya zauna a littafin mai rumfa. Shi ya sa idan aka ce kayan na aikin gwamnati ne kuma bashi ne, ɗan kasuwa yakan ɗora wani abu a kai tun farko. A ƙarshe wanda yake biyan wannan ƙari yaro ne mai zama a ƙasa.

Lokacin da ake aikin ma abin dubawa ne. Kasuwar ta fi ci a dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, saboda a lokacin ajujuwa ba kowa. Amma wannan shi ne tsakiyar damina, Agusta kuwa marka ce. Sai a yi filasta a kan jiƙaƙƙen bango, a bi da fenti kafin ya sha iska, hunturu yana shigowa ya fara ɓarewa. Iyayenmu da suke zaune a ginin ƙasa sun fi mu sanin lokaci. Da rani suke kwaɓa ƙasa su yi yaɓe, su toshe ɓaraka, su gyara indararo, ruwan farko ya tarar da soro a shirye. Kowace shekara suke yi, kuma aikin kwana biyu ne. Mu kuwa da muka koma siminti sai muka ɗauka gini ba ya son hannu.

Na yi firamare a makarantar da take da wani tsoho da muke kira Baba Kafinta. Akwatinsa na katako bai wuce guduma da zarto da ƙusoshi a gwangwani ba. Duk ranar da benci ya fara rawa ko ƙyauren taga ya saki, a ranar yake gyara shi. Shekarun baya na koma makarantar, na shiga ajin da na yi aji huɗu. Silin ya rufto a kusurwa, jemagu sun tare a ciki, warin kashinsu ya cika ɗakin. Daɓen ya farfashe ya zama ramuka, allo ya koɗe har alli ba ya kama shi. Na ɗaga kai na ga asalin ɓarnar: ƙusoshi uku ko huɗu ne suka fita daga falle guda, ruwa ya bi nan ya ruɓar da katako. Abin da Baba Kafinta zai gama kafin a tashi tara, yanzu sai an cire rufin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a makarantunmu ba wanda aka ɗora wa aikin duba tsagar.

A jami'o'i kuɗin ya fi yawa, cutar dai ita ce. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, ya riƙa samun kuɗinsa ne daga harajin ribar kamfanoni, wanda ya fara da kashi 2 ya kai kashi 3 cikin 100 a 2023. Duk wanda ya shiga sabuwar Jami'ar Bayero a titin Gwarzo ko Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru zai ga manyan gine-gine ɗauke da sunan asusun, kuma ba mai musun amfaninsu. Sai dai sabon gini yana da bikin buɗewa da allo mai suna, shi kuwa bututun banɗakin ɗakin kwanan ɗalibai ba ya da. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa ya binciki buƙatun jami'o'inta da na jihohi, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ya ba da rahoto a 2012 cewa akwai ayyukan gini 701 da ba a kammala ba, 163 daga ciki an yi watsi da su. Gine-ginen shekarun 1960 da 1970 suna da ƙarfi, amma da yawa rufin dakin gare su, wanda aka shimfiɗa wa kwalta. Idan ganye ya toshe magudanar, ruwa ya kwanta, sai ya tsatsa har ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankare. Share magudana aikin lebura ɗaya ne da tsintsiya. Gyaran dakin da ya ruɓe kuwa kwangila ce ta miliyoyi, kuma kasuwa ta fi son ta biyun.

Kasuwar tana da ƙofar baya, ba zan ɓoye ta ba. Makarantar da ba katanga ba maigadi, a lokacin hutu ɓarayi suke shiga su ɓalle tagogi da ƙofofi, su zare wayar wuta, su kwance ƙafafun benci. Kayan suna bi ta hannun wasu 'yan jari-bola, a auna su da kilo a matsayin tsohon ƙarfe, wani lokacin ma su dawo rumfa a matsayin na hannu. Yawancin masu wannan sana'a halal suke nema, amma wanda aka kawo wa tagogi goma iri ɗaya masu fentin makaranta ya san daga inda suka fito. Albashin maigadi na shekara bai kai kuɗin mayar da tagogin gini guda ba.

Akwai abin da yake ba ni ƙwarin gwiwa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 don karatun 'yan mata a sakandare, ya haɗa da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, kuma ya bi hanyar tura kuɗin ƙananan gyare-gyare kai tsaye ga kwamitocin makarantu. A ganina hanyar ke nan. Idan uban yara ne ya je Ƙofar Ruwa aka tambaye shi na gida ko na kwangila, ya san 'yarsa ce za ta zauna a ƙarƙashin kwanon. Birkilan da zai ɗauka ɗan unguwa ne, gobe a masallaci za su haɗu. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, aka shiga gyaran ajujuwa, wannan abin so ne. Fargabata ita ce a gama a tafi, ba a bar wa hedimasta ko kuɗin kilo guda na ƙusa a shekara ba, bayan shekara biyar a sake dawowa da sabuwar kwangila. Lamarin kuma ya wuce na kuɗi. A watan Yulin 2024 bene ya rufta da ɗalibai a wata makaranta a Jos, mutum 22 suka rasu.

Roƙona ga gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne a ware wa kowace makaranta ɗan kuɗin gyara na shekara, ya shiga hannun kwamitinta a watan Maris, a manna lissafinsa a bango kowa ya gani. A mayar da kafinta da maigadi. Kai kuma mai karatu, makarantar da ta koya maka baƙi da wasali tana nan inda ka bar ta. Ka je da wani kafinta da ka yarda da shi tun kafin iskar bana ta taso, ku hau tsani ku duba rufin ajin da ka zauna.