Yadda ake ɗauko ƴaƴan kihi a zuba a tabki ba tare da asara ba

Ƴan'uwa makiyaya da manoma na Damargu, daga watan Yuli zuwa Agusta tabkunanmu ke cika. Tabkin da ke riƙe ruwa wata biyar ko shida yana iya shayar da dabbobi, ya kuma ba da kihi na ci da na saidawa. Kashin da shanu ke bari a bakin ruwa taki ne, shi ke haihar da ƙananan halittun da kihi ke ci. Sai dai ƴaƴan kihin daga nesa ake ɗauko su, sau da yawa daga tabkunan kudancin jihar Damagaram, irin su Gidimuni da Lasuri. Daga Zinder zuwa Tanut kawai wajen kilomita 150 ne, ga kuma yashi kahin a kai ƙauye. A wannan tahiya ake yawan yin asara.

Mi ke kashe kihi a hanya?

Abu ukku ne. Na farko rashin iska. Kihi na shaƙar iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, kuma ruwa in ya yi zahi iskarsa raguwa take: a digiri 20 lita guda na ɗauke da wajen miligiram 9, a digiri 35 kuwa wajen 7. Shi kuma kihi in ya ji zahi buƙatarsa ƙaruwa take. Na biyu ƙazanta, wato kashi da aman da kihin ke yi cikin bido, waɗanda ke ɓata ruwa su ƙone mishi harza. Na ukku canjin ruwa farat ɗaya, in an juye shi daga ruwan bido zuwa na tabki.

Wane kihi za ku ɗauko?

Tarwaɗa ta hi jure wahala, don tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska. Ita ta dace da tabkin da ke ƙahewa da rani. Karfasa na da saurin haihuwa amma ba ta jure rashin iska kamar tarwaɗa. Giwan ruwa sai tabki mai zurhi wanda ba ya ƙahewa. Kada a haɗa tarwaɗa da karfasa a mazubi guda, kuma a ware manya da ƙanana, don babbar tarwaɗa na haɗiye ƴar'uwarta. Tabkin da aka ga kihi na mutuwa a ciki, ko masu gyambo a jiki, a bar shi.

Kahin a tashi

1. A tara ƴaƴan kihin wuri guda, a hana su abinci kwana guda cur. Cikinsu in ba kome, ruwa ba ya saurin ɓaci.

2. A nemi bido ko tano na roba mai tsabta, a yanke bakinsa ya yi faɗi. Bidon da ya taɓa ɗaukar esansi, gazuwal, maganin fara ko maganin kaska, ko an wanke shi sau goma, ba a sa kihi ciki.

3. Ruwan tabkin da aka kama su shi ya hi, a tace shi da ƙyalle. In na rijiya ne, a yi ta kwararo shi daga sama don ya sha iska. In na pompo ne, a bar shi a buɗe ya kwana.

4. Gishirin miya kaɗan na rage musu wahala: giram 3 a kowace lita, wato giram 60 a lita 20.

Cikin tahiya

A tashi da asuba ko bayan la'asar. Tarwaɗa a sa ta a bido mai ruwa rabi, a ɗaure baki da gidan sauro don iska ta shiga, kihi kuma kada ya yi tsalle. Karfasa in tahiyar na da nisa a leda mai kauri ake sa ta, ruwa kashi ɗaya, oksijin kashi biyu, a ɗaure tam. Ba a sa manyan tarwaɗa a leda, ƙayarsu na huda ta.

A lulluɓe mazubin da jiƙaƙƙen buhu, a ɗaure shi da kyau bisa mota ko amalanke. In an tsaya, a tsaya a inuwa, kuma kada a daɗe. Ku riƙa dubawa. In kun ga karfasa ta taru a sama tana buɗe baki, iska ta ƙare: a ɗebe kashi ɗaya cikin ukku na ruwan a zuba sabo. Don haka a tahi da bido guda na ruwa zalla. Kada a cunkusa su don kwaɗayin sawu ɗaya. Gara a yi sawu biyu da a iso da mushe.

Isowa bakin tabki

Nan ne gaggawa ke ɓata aikin yini guda. A aje ledar ko bidon cikin ruwan tabki minti 20 zuwa 30, har zahinsu ya zo daidai. Wanda ba ya da ma'aunin zahi ya gwada da hannu, ɗaya a bido ɗaya a tabki. Sannan a riƙa ɗibar ruwan tabki da ƙwarya ana zubawa a hankali, sau ukku ko huɗu. Daga nan a kwashe kihin da ƴar koma ko jiƙaƙƙen hannu, a sake su inda ruwa ya kai gwiwa, nesa da mashayar shanu.

Ruwan da aka zo da shi kuwa a zubar can bisa yashi. Ku kula da wannan ƙwarai, makiyaya. Cikin ruwan da ciyawarsa akan taho da ƙananan katantanwa, su ne ke ɗauke da tsutsar hanta ta shanu da tumaki, da tsargiya mai sa yara hitsarin jini. Irin kacalla ma ta nan yake shiga tabki.

Bayan an zuba

A zagaya tabkin kowace sahiya har kwana ukku, a kwashe matattu a binne. A yarda a tsakaninku ba kamu sai bayan wata biyar ko shida. Wanda ya yi ma dabbobinsa wankan kaska ya yi shi nesa da ruwa, kada ya wanke bokiti ko pompon heshi a tabki. Maganin kaska irin su deltametirin, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kihi da yawa.

Zuba kihi ba ya hana shayarwa. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar ma makiyaya haƙƙinsu na kai dabbobi ga ruwan tabki. Saboda haka tun kahin a ɗauko ko ɗaya, a zauna da maigari, da ardo, da masunta, da ma'aikatan gandun daji masu kula da sha'anin kihi, a ware mashaya, a ware wurin koma. Mai neman ƙarin bayani ya zo ma'aikatar kiwo ta Tanut ko ta Belbeji. Allah ya ba mu damana mai albarka.