Matan Sojan Ruwa: Abin Da Ya Kamata A Shirya Kafin Mai Gida Ya Tafi Kwas

Jama'a, a zamanin kakanninmu, in aka ce mutum ya tafi Gwanja, ba a tambayar ran da zai komo. Fatake su kan ɗaure kaya bayan ɗaukewar ruwa, su bi madugu da jakunansu har Salaga neman goro, su shafe watanni, wani lokaci ma shekara ta kewayo ba a ga ƙeyarsu ba. Amma falke na ƙwarai ba ya sa ƙafa a hanya sai ya cika rumbu, ya ware kuɗin cefane, sa'an nan ya kira ƙanensa ko wani amini a gaban shaidu ya danƙa masa amanar gida. Wanda ya fita bai yi haka ba, ko ya komo da riba, ba ya komowa da mutunci.

To, yau ga wata irin tafiya ta shigo gidajenmu wadda kakanni ba su san ta ba, watau tafiyar sojan ruwa zuwa makarantun horo, abin da su ke kira kwas. 'Ya'yanmu maza na cikin wannan aiki, 'ya'yanmu mata kuma na aure da masu yinsa. Ku malamai ku ke ɗaura auren, ku kuma 'yan kasuwa sau da yawa ku ne iyayen amarya ko na ango, sabo da haka in al'amari ya cuɗe, zaurenku a kan fara sallama.

An kafa rundunar sojan ruwa ta Nijeriya a 1956, tun Turawa na nan. Da fari mun ɗauka aikin mutanen bakin teku ne, mu da iyakar ruwanmu Kwara da Binuwai da tafkin Cadi. Ashe ba haka ba ne. Murtala Nyako, mutumin Adamawa, ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo, mutumin Kano, shi ma ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023. Har jiragen yaƙin an sha raɗa musu sunaye da harshenmu: an yi Dorina, an yi Damisa, an yi Kyanwa, ga kuma Kada da ya iso a 2022. Babbar makarantarsu ta Apapa a Ikko ma, wadda a ke rubuta sunanta Quorra, ba wani suna ba ne illa Kwara, yadda Turawan farko suka ji shi suka rubuta.

Akwai abu guda da ya kamata a sani tun daga nan. Kurtu, wanda a ke kaiwa Onne kusa da Fatakwal ya yi wajen wata shida yana koyon fareti da iyo da riƙon bindiga, ba a ɗaukarsa da aure. Sharaɗi ne da a ke bugawa cikin sanarwar ɗaukar aiki. Sabo da haka uban da saurayi ya zo masa yana neman a gaggauta ɗaurin aure a ɓoye don zai shiga soja, ya sani ana neman a jefa shi cikin ƙarya ne, kuma ranar da asiri ya tonu yaron na iya rasa aikin, 'yarsa kuwa ba ta cikin lissafin hukuma ko kaɗan. Maganarmu a kan matan waɗanda suka riga suka kama aiki ne suka yi aure. Su kuwa karatunsu ba ya ƙarewa, gama ƙarin girma a soja yana tafiya da kwas ne. Mai aikin inji a tura shi Safele, mai aikin makamai Kaciya a ƙasar Kaduna, mai aikin jinya Offa, mai kula da kaya da ajiya wataƙila Dawakin Tofa ta ƙasar Kano, hafsoshi kuma Jaji. Wanda ya faɗo Kaciya ko Jaji iyalinsa sun ji daɗi. Wanda aka tura Ikko ko Fatakwal, tsakaninsa da Kano ya fi mil 600. Wani ma ƙetare a ke kai shi: jirgin da a ke kira Thunder, wanda Amurka ta miƙa wa Nijeriya a 2011, mutanen da aka aika karɓo shi sai da suka zauna can suna koyon sarrafa shi, kana suka tuƙo shi ta teku har gida.

Abin da a ka saba gaya wa matar da aka bari kalma ɗaya ce, haƙuri. Uwa ta ce haƙuri, suruka ta ce haƙuri, malam ma in an kai masa ƙara ya ce haƙuri. Ba mu ƙi ba. Amma ni a ganina, wanda ya ce wa mace ta yi haƙuri alhali bai tambayi me aka bar mata a tukunya ba, bai yi nasiha ba, ya dai sallame ta ne. Littattafan da ke kan buzayenku ba su tsaya ga wannan kalma ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, yana kewayen Madina da dare, ya ji wata mata tana koken kewar mijinta da ke wurin yaƙi, ya tambayi 'yarsa Hafsatu iyakar abin da mace za ta iya jurewa, sa'an nan ya yanka wa mayaƙa wa'adi. Wata ruwaya ta ce wata huɗu, wata ta ce shida. Ku duba, bai aika a ce wa matar ta yi shiru ba, tsarin runduna ya gyara.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana ba su faɗuwa daga wuyan miji don ya yi tafiya. Bal ma Muhtasar na Shehu Halilu ya ba mace dama, in ta ga mijinta na shirin tafiya, ta nemi ya ba ta nafaƙar kwanakin da zai yi tun kafin ya tashi, ko kuwa ya tsayar mata da wanda zai lamunce. Wannan haƙƙi ne, ba rashin kunya ba ne, ko da ya ke 'yan matanmu kunya ba ta barinsu su furta, don haka waliyyi ne ya kamata ya furta a madadinsu. Akwai kuma wata mas'ala da mutane ba su cika sani ba. In miji ya komo ya ce ya yi ta aikowa, mace ta ce ba ta ga kome ba, to, in ta riga ta kai maganarta gaban alƙali tun yana can, maganarta a ke kamawa daga ranar da ta kai ƙarar. In kuwa ta yi shiru har ya komo, tasa a ke kamawa bayan ya rantse. Ashe shirun da mu ke yaba wa mace da shi yana iya zama shi ne asararta. Amma kada a cuɗa wannan da hukuncin wanda ya ɓace ba a san inda ya ke ba, wanda matarsa ke jiran shekara huɗu bayan ta kai ƙara. Mai kwas an san makarantarsa, an san shugabansa, albashinsa kuma yana shiga ko wane wata.

Tun da albashi na shiga, sai a tambaya, ta wace hanya zai kai ga tukunya? A nan ne galibin ɓarna ta ke, kuma ku gafarce ni, 'yan kasuwa, da ku na ke. Mu ƙaddara soja ya bar wa wansa mai rumfa a kasuwa kuɗin wata uku ya riƙa ba matarsa. Wan nan ba ɓarawo ba ne. Amma ya ga kuɗi a kwance, ga kaya sun faɗi, sai ya ce bari in juya su kafin wata ya ƙare. Kaya suka ƙi fita, mace ta aiko yaro sau ɗaya, sau biyu, na uku ta ji nauyi ta daina, ta koma sayar da kwanonin ɗakinta. Falken da bai da banki dole ya yi wakili a kan kuɗi. Na yau kuwa yana iya buɗe wa matarsa asusu da sunanta, ya sa banki ya riƙa zuba mata abu sananne ran da albashi ya shiga, ko yana tsakiyar teku. Wakili sai ya tsaya ga abin da kuɗi ba su yi, kamar kai mara lafiya asibiti da dare da magana da mai gidan haya. In mace tana da 'yar sana'arta, ɗinkin hula ko ƙuli-ƙuli ko adashi, abin da ta samu nata ne, ba a cire shi daga abin da ke wuyan miji.

Sai batun izini, wanda ya ke ƙarami a baki amma babba ne ran da ya taso. Mace mai kiyaye aure ba ta son fita ba da sanin mijinta ba. To, mai kwas ba shi da ikon wayarsa yadda ya so. Akwai sa'o'in da ba a yarda ya taɓa ta ba, in kuma an fita da su koyon aiki a kan jirgi, da an yi nisa da gaɓa waya ta daina kamawa, kwana da kwanaki. Yaro na zazzaɓi, uwa na buga waya ba a ɗauka, tana tsoron ta fita a ce ta yi yaji ko ta raina miji. Magani shi ne ya ba ta izini a sarari kafin ya tashi, a gaban uwarsa da waliyyinta, na zuwa asibiti da awon ciki da gaida iyaye da ta'aziyya, don kada daga baya wani ya ce bai ji ba. In da juna biyu ya bar ta, ya faɗi sunan da ya ke so, ya ajiye kuɗin rago, a kuma yanke ko gida za ta tafi wanka. Haka wurin zama: ko ɗakinta, ko gidan surukai, ko gidan iyayenta, a shawarta da ita. Amaryar wata biyu da aka ajiye cikin dangin da ba ta saba da su ba, mijin da ta sani kuma ba ya nan, ba abin mamaki ba ne in ta rame.

Shirun waya ɗin nan yana da wani haɗari kuma. Sojan ruwa ba ya faɗin inda jirginsa ya nufa ko ran da zai tashi, doka ce a kansa, kada mace ta ɗauka ɓoye-ɓoye ne, kada kuma ta baza abin da ta ji a gidan biki ko a Facebook. 'Yan damfara sun san da wannan shiru. Sai su bugo su ce mai gida ya yi haɗari yana asibiti, a aiko kuɗi maza. Hukuma ba ta neman kuɗin magani daga hannun matar soja ta waya. Don haka kafin ya tafi ya rubuta mata lambarsa ta aiki, da sunan makarantar, da lambar wayar wani abokin aikinsa amintacce wanda ke tudu, wanda za a tambaya kafin a fid da ko kwabo.

Ga kuma wata takarda da a ke mantawa da ita. A cikin takardun ko wane soja akwai gurbin da a ke rubuta wanda za a nema in wani abu ya same shi. Yaro ya shiga aiki ba aure, ya rubuta ubansa ko wansa. Ya yi aure, ya haihu, bai koma ya gyara ba. Ran da ƙaddara ta auku, matar ita ce ta ƙarshe da za ta ji, kuma hukuma ba ta san da zamanta ba. Waliyyi ya tambayi surukinsa a kan wannan ba tare da jin nauyi ba: an shigar da auren a ofis? An sa sunanta da na 'ya'ya a takardar asibiti? Malamai kuma su faɗakar da mutane cewa wanda aka rubuta a gurbin nan ba shi ne magaji shi kaɗai ba. Abin da mamaci ya bari rabon gado ne, mata da 'ya'ya da iyaye kowa da kasonsa.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan al'amari aikin hukuma. A Amurka, inda a ke ɗaukar kurtu ko yana da aure, shugaban sojan ruwansu Elmo Zumwalt ya ba da umurni a 1970 cewa ko wace ƙungiyar matan sojoji ta zaɓi wata daga cikinsu ta zama 'yar aike tsakanin iyalai da kwamanda, ta kai kuka ta kawo labari. A nan ma matan hafsoshi suna da ƙungiyarsu mai suna NOWA, wadda ke da makarantu kuma ta ke taimakon iyalan sojoji. Sai dai ƙarfin irin wannan taimako a bariki ya ke, kamar babban barikinsu na Ojo a Ikko. Matar da aka bari a wani lungu na Katsina ko Azare ba ta da kwamanda, ba ta da ƙungiya; liman da mai unguwa da matan maƙwabta su ne barikinta. Uwargidan malam ta leƙa ta ko sau ɗaya a mako, a kuma ja kunnen masu baki, gama macen da mijinta ba ya nan ko sabon zane ta ɗaura sai an sami mai tambayar wa ya saya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Umurnin kwas ya kan zo wa soja a ƙurarren lokaci, sabo da haka duk abin da muka ambata a zauna a kansa tun ana cikin kwanciyar hankali, a rubuta shi da ajami ko da boko, shaidu biyu su sa hannu, mace ta riƙe takarda guda, waliyyinta ya riƙe guda. In kuma kwas ya ƙare aka ajiye mutum a Ikko ko Kalaba ko Baga, magana ta sake, gama wannan ba tafiya ba ce kuma, zama ne. A nan sai waliyyi ya tambaye shi ko ya nemi ɗaki a bariki, in wurin na zama da iyali ne, da kuma watan da zai zo ya ɗauki matarsa.