TARIHIN DA KE KWANCE A ƘARƘASHIN ƘASA

Kowa ya ji sunan Rumawa, domin har sura guda ce a Alƙur'ani mai girma take ɗauke da sunan Rum. Asalin daularsu birnin Rum ne a ƙasar Italiya, kuma mulkinsu ya kai har Masar da Libiya da Tunisiya. Da yawa daga abin da aka sani game da zamansu, daga ƙasa aka tono shi.

A shekarar 79 Miladiyya wani dutse mai aman wuta ya binne garuruwan Fomfe da Harkulaniyam da toka da laka. Aka daɗe an manta da su, sai a 1709 wani mai haƙa rijiya ya ci karo da duwatsun ginin Harkulaniyam. A 1748 aka fara tonon Fomfe, aka tarar da tituna da gidaje da gidajen burodi. Ko a 2016 ma, masu haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin Rum sun gano barikin soja mai shekara kusan 1,900.

Irin wannan ta faru a Nijeriya. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya taɓo wani kwalekwale da masana suka ce ya kai shekara 8,000. Gumakan yumɓu na Nok kuwa, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928.

Kano ma tsohon gari ne. Gawayin da aka samu a wurin narka tama a Dutsen Dala ya nuna ana aikin ƙarfe a can tun wajen ƙarni na 7. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa.

To, a nan ne maganar ta shafi leburori da magina da direbobin katafila da ke aiki a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Kafin masana'antu, waɗannan wurare gonaki ne da ƙauyuka na kewayen birni. Duk wanda ke haƙa harsashin gini ko lambatu yana iya cin karo da tsohuwar tukunya, ko kashin maƙera, ko tsakiya, ko ƙasusuwa.

Abin da ya kamata shi ne a dakata da haƙa, a bar abin a inda yake. Dalili kuwa, ƙasa hawa-hawa take: galibi abin da ya fi zurfi ya fi daɗewa, kuma da gawayin da ke kusa da abu ake auna shekarunsa. Da zarar an ɗauke shi, wannan shaida ta ɓata har abada.

Sai a sanar da mai unguwa ko ƙaramar hukuma, a kuma kai labari Gidan Makama da ke Kano. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta wajabta kai rahoto, ta kuma hana sayar wa dillalai. Kuɗin dillali kwana kaɗan zai yi a aljihu, amma tarihin da aka fitar waje da wuya ya dawo. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar kakanninmu, amin.